Neman Akushin Kaka Tumba

Daga Sakkwato zuwa Boɗinga

Ina idar da sallar asuba na rataya jaka, na tsaya a ƙofar ɗakin maijego na ce musu sai na dawo. Matar ɗana Bashiru ce ta haihu, ɗan fari, namiji, kuma saura kwana uku suna. Uwargidana ta biyo ni har bakin ƙofa tana tambayar inda zan je da wannan sammako, tunda rago yana ɗaure, goro kuma an saya. Na ce mata akushi zan je ɗaukowa. Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, Allah shi sa taubashin naka shi sake shi."

Ga wanda bai san gidanmu ba, muna da wani akushi baƙi wuluk, mai faɗin da mutum shida za su kewaye shi su ci tuwo ba tare da sun takura ba. Kakar mahaifina, wadda ake kira Kaka Tumba, ita ta zo da shi cikin kayan aurenta, kuma ko a lokacin ba sabo ba ne. Al'adarmu ita ce duk ɗan fari da aka haifa a zuriyarta, a cikin akushin nan ake zuba tuwon sunansa. Wanda ya fi kowa shekaru a dangi shi ke fara sa hannu, sannan kowa ya ci. In an gama, akushin ya zauna a gidan da aka yi haihuwar har sai wani gidan ya samu nasa ɗan farin. A cikinsa aka ci tuwon sunan mahaifina, aka ci nawa, aka ci na Bashiru.

Damina uku da suka wuce aka kai shi Horo Birni, gidan Arzika, lokacin da 'yarsa ta zo haihuwar fari a gida. Arzika ɗan Gwaggo Kulu ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Tun da akushi ya shiga gidansa bai sake fitowa ba. An yi 'ya'yan fari biyu a dangi bayan nan, duk wanda aka aika sai Arzika ya ce hanya ba kyau, ko kuma mabuɗi ya ɓata. Ranar da aka yi mana haihuwa na kira shi a waya, ya yi mini barka mai tsawo, ina ambaton akushi sai ya fara "alo, alo, ba ni jin ka," alhali ina jin carar zakaransa tar a kunnena. Na ce a raina, ni ba aike zan yi ba, uwarsa zan kai masa.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a tasha gari bai gama wayewa ba. Kamasho yana ta ihu wai saura mutum ɗaya. Wannan mutum ɗayan tun ina saurayi ake jiransa a tashar nan, kuma bai taɓa zuwa da wuri ba. Na sha koko da ƙosai, na karanta rubutun da ke bayan kowace mota, sannan Allah ya kawo shi, ashe ma mata biyu ne da buhun albasa.

Ƙarshen damina ne, an kwana ana ruwa. Muna barin gari gero ya tare mu dama da hagu, ya yi kai ya sunkuya. A shingen jami'an tsaro suka leƙo suka ga yadda muka cushe, ɗayansu ya ce Allah ya sauke mu lafiya, da alama tausayinmu ne ya kama shi. Boɗinga ba nisa, kafin ƙafata ta gama sagewa mun iso.

Boɗinga

Gwaggo Kulu ita ce babba a danginmu yanzu. Tana zaune a wurin 'yarta a Boɗinga tun da idanunta suka yi yana, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Amma kunnenta da hancinta da bakinta, duk suna nan daram. Na yi sallama, na same ta a kan tabarma ta riga ta yafa mayafi, don tun jiya na aika mata cewa ina tafe, ga sanda a gefe, ga wani babban kwando.

"Haliru, kai na?" in ji ta.

"Ni na, Gwaggo. An kwana lahiya?"

"Lahiya lau. Tun daga waje nij ji tahiyarka. Hal yanzu kana jan ƙahwa kamar ubanka."

'Yarta ta ja ni gefe tana roƙo in lallashe ta ta zauna, in je ni kaɗai, don hanyar Horo Birni da damina ba ta tsofaffi ba ce. Gwaggo ta ji, don raɗa ba ta wuce ta. Ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Suna biyu anka yi, anka zuba min tuwo ga kwanon silba kamar baƙuwa. Na ci, ban ce komi ba. Wanga na ukku ba ni yarda, don ban sani ba ko ina ganin na huɗu. Ina son in sa hannu cikin akushin kakata sau guda kahin in bi ta."

Ni dai na fito ne da niyyar in je in ci mutuncin taubashina in yi nishaɗi, amma maganar nan ta sanyaya mini jiki. Aka dama mana fura da nono mai kauri, muka sha, na ɗauki kwando, ta riƙe hannuna muka nufi bakin titi.

Daga Boɗinga zuwa Shagari

Da hantsi muka samu mota, amma ba ta cika ba sai da rana ta take. Kujerar gaba mutum biyu ake sa wa, amma Gwaggo ta shiga ta baje mayafinta, direba ya dube ta ya dubi kamasho, aka rufe ƙofa aka bar mata kujerar ita kaɗai. Kafin mu yi nisa ta riga ta binciko sunan uban direban, da garin uwarsa, da dalilin da ya sa har yanzu bai yi aure ba. Wata mata mai zuwa Dandin Mahe ta ce tana da ƙanwa, Gwaggo ta ce to a ba ta sunan uban yarinyar. Direba ya ƙara wuta, ina jin don ya rabu da mu ne.

Sau biyu muka tsaya wa shanu suna tsallaka titi. Ba sa sauri, mai kora su ma ba ya sauri, ya saɓa sanda a wuya yana kallonmu kamar mu ne muka shigo masa makiyaya. Gwaggo ta ce daga jin kukansu sun ƙoshi bana.

Mun sauka Shagari ana kiran azahar. Kusa da tasha, a ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro, wani masassaƙi ya baza kayansa, turame da taɓare da muciyoyi da 'yan kujerun tsugunno, har da akusa sababbi guda kaɗan. Ƙamshin sabon itace ne ya tsayar da Gwaggo. Ta ce a miƙo mata akushi ɗaya. Ta shafa shi ciki da waje, ta ƙwanƙwasa, ta ɗaga ta ji nauyinsa, sannan ta mayar.

"Wanga akushi na ko abin ba kaji ruwa?" in ji ta.

Masassaƙin ya yi dariya ya ce, "Inna, na zamani na. Mutanen yanzu ba su cin tuwo da yawa."

"Awo, shi ya sa iska ka ɗaukassu," ta ce, muka wuce.

'Yan kabu-kabu suka ce ba mai shiga hanyar Horo Birni yau, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ba su yi ƙarya ba, kafin la'asar ruwa ya sauko. Muka sauka a gidan wani tsohon ɗalibina da ke aikin asibiti a garin. Matarsa ta ba Gwaggo ɗakinta, ta yi mana tuwon dawa miyar kuka da soyayyen kifi.

Muna zaune a baranda muna kallon ruwa sai idona ya faɗa kan ƙyauren wani ɗakin ajiya. Ƙasansa ya yi fari-fari, katakon ya kumbura. Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, kuma cutar malami ita ce ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Na fara yi wa mai masaukina bayani cewa funfuna ba dauɗa ba ce, abu ne mai rai, dangin naman kazan da ke tsirowa a gindin itace da damina. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a iska suna sauka a kan komai, har da hular da ke kaina. In sun sauka a busasshen itace ba abin da za su iya yi masa. In kuwa suka samu danshi da wurin da iska ba ta ratsawa, sai su tsiro, su tura wasu siraran zaruruwa cikin itacen, su riƙa cinye abin da ke ba shi ƙarfi. Kafin a ga fari a waje, aikin ya daɗe da yin nisa a ciki.

Gwaggo ta yi hamma ta ce, "Haliru, in an tashi makaranta ka tashe ni."

Horo Birni

Washegari da rana ta ɗan busar da ƙasa muka ɗauki babura biyu. Gwaggo ta hau bayan na gaba, ta damƙe rigar mai babur, kuma duk da ba ta gani, ita ke gaya masa inda zai bi. Ni na biyo baya da kwando a ka, taɓo yana yi mini ado har gwiwa. Wuri biyu muka sauka aka tura baburan. Gonakin gero da dawa sun rufe hanya, awaki suna ɗaure a bakin gonaki don kada su yi ɓarna.

Arzika yana ƙofar gida yana gyaran lauje. Ya gan ni ya washe baki, don ni da shi mun fi shekara hamsin muna gardamar wane ne ubangidan wani. Ya ce, "A'a, bawana ya zo gaisuwa da kwando bisa kai!" Sai ya hango wadda ke saukowa daga ɗaya babur ɗin, lauje ya faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Inna! Ke da kanki? Mi yas sa ba a gaya min ba?"

"Wayarka ba ta jin magana," in ji ta.

Nan fa Arzika ya shiga hidima. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka kawo fura, ya sa aka bi kaza. Ya tambayi lafiyar kowa a Boɗinga, ya tambayi lafiyar kowa a Sakkwato, da ya ƙare mutane ya koma tambayar farashin taki. Ya ja ni ya nuna mini sabon ɗakin da ya gina da bulo da siminti da rufin kwano, shi kaɗai a cikin ɗakunan ƙasa, yana shafa bangon yana jira in yaba. Na ce ya yi kyau, saura a samu mai gida da ya dace da shi.

Da aka kawo kaza Gwaggo ta ture kwanon ta ce, "Arzika, ban zo cin kaza ba. Ina akushin kakata?"

Na zaci zai ruɗe, sai na ga ya gyara zama yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki ba a sani ba. Ya ce bayan sunan jikarsa wani mutum ya zo da mota daga birni, mai sayen tsofaffin kaya. Ya ga akushin a rataye a madafa, ya riƙe baki, ya ce irin wannan a gidan tarihi ake ajiye shi cikin gilashi, ba mai taɓawa. Ya yi tayi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, Arzika ya ce ko da zai ba shi motar ba zai sayar ba.

"Tun ran nan ban koma barci mai daɗi ba," in ji shi. "Nic ce ashe dukiya ta munka rataye cikin hayaƙi, muna zuba mata miya mai zahi, ɗiya suna ja. In ba a sace shi ba, a hwasa shi. Sai nis sa anka sabko da shi."

Ya sa aka wanke shi da sabulu da soso har sai da baƙin da ya kama shi ya ragu. A yammacin ranar ya naɗe shi da ledar cikin buhun taki, ya ƙara wata, ya ƙara ta uku, ya ɗaure da roba. Ya sa shi a akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo, ya kai shi kusurwar sabon ɗaki ya ajiye a ƙasa jikin bangon gabas. Tun ranar bai buɗe ba, don kada ƙura ta shiga.

"Ko iska ba ta taɓa shi ba, Inna," ya ce, yana kallona don in ji haushi.

Na tambaye shi ko akushin ya bushe kafin ya naɗe. Ya ce ya goge shi da tsumma mai tsabta.

Mu biyu muka jawo akwatin zuwa tsakar gida. Gindinsa ya yi tsatsa, bangon da ya jingina da shi kuma ya yi shatin ruwa har ƙugu. Mabuɗin da ya ɓata shekara uku yana cikin aljihun Arzika. Yana ɗaga murfi wani wari ya bugo mu, warin rima, irin na ɗakin da aka rufe tun farkon damina. Cikin ledar ya yi gumi, ɗigon ruwa ya jeru a jikinta. Arzika ya kwance ta farko, ya kwance ta biyu, sannan ya kwance ta uku.

Akushin yana nan da siffarsa, amma cikinsa ya yi farin gashi kamar auduga, da tabo-tabo kore da baƙi. Wasu fararen zaruruwa sun bazu daga gindi sun haura gefe. Arzika ya ce, "Gara ta! Ta ina tas shiga?" Na ce masa ba gara ba ce, gara tana zuwa da ƙasa, ga shi ko ƙwayar ƙasa babu. Funfuna ce, kuma ba daga waje ta shiga ba, tare ya naɗe su. Ruwan wankin da itacen ya sha bai samu hanyar fita ba, leda ta riƙe shi, bango kuma yana ƙara musu sanyi kowace damina.

Arzika ya kama hannuna yana yi mini alama da ido in yi shiru, wai kada Inna ta sani. Ya manta hancinta.

"Warin mi ni ka ji?" in ji Gwaggo. "Ku kawo shi nan."

Muka ajiye shi a gabanta. Ta fara da baki. Yatsunta suka bi gefen a hankali har suka tsaya a wani tsohon tsagi da aka ɗinke da wayar tagulla. Fuskarta ta saki ta ce, "Ga ɗunkin Baba. Ni nis sake shi yah hwaɗi ina ƙarama, anka ba ni kashi." Sai ta gangara da hannu zuwa ciki. Ta taɓa gashin, ta tsaya. Ta danna gindin da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ta ciro shi da wani jan gari mai laima, ta murza, ta kai hanci.

Tun daga Sakkwato nake tara maganganun da zan yi wa Arzika, ko ɗaya ba ta fito ba. Ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, mutum mai jikoki, kafaɗunsa suna rawa. Tausayinsa ya kama ni fiye da na akushin.

Can Gwaggo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun zamanin kakata muna ci cikinai, da zahi da sanyi, bai yi komi ba. Kai ka hana mutane ci, kak kulle shi ɗaki guda da mai cin shi."

Arzika ya yi wuf ya tashi, ya ce a ɗora ruwan zafi a wanke shi a shanya a rana. Na tare shi. Na ce ruwa ne ya kawo mu nan, zafin rana kuma zai tsattsage abin da ya rage. Na gaya masa baƙin da ya kankare ba dauɗa ba ne. Matan gidanmu in an gama suna sukan goge akushin, su kife shi ya sha iska har ya bushe, su shafe shi da man shanu, su sa shi a ragaya a madafa inda hayaƙi ke bugunsa. Man yana hana itacen shan ruwa, ɗumin madafa yana hana shi yin danshi, shi ya sa funfuna ta daɗe tana sauka a kansa ba ta samu abin yi ba.

Muka kai shi ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa. Na rufe hancina da hankici, na riƙa share gashin a hankali da gashin kazar da aka yanka mana, aƙalla ita ma ta yi amfani. Ya wuni a nan yana shan iska. Da yamma Gwaggo ta kira ni ta ce in gaya mata gaskiya, ban da darasi. Na ce gindin ya tafi, ba zai sake ɗaukar tuwo ba. Abin da ke ciki ma ba mutuwa ya yi ba, in ya bushe kwanciya zai yi, ranar da ya sake jin laima ya tashi.

"Bakin hwa?" ta ce.

"Bakin shina da ƙarhi, Gwaggo. Bai kai can ba."

Sai ta kwance igiyar da ta ɗaure bakin kwandonta, ta auna faɗin cikin akushin da ita, ta ƙulla alama, ta cusa a gefen zaninta.

Komowa

Da sassafe muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kwando, muka kwantar da akushin, muka rufa masa farin ƙyalle. Arzika ya ɗauko leda saboda ko ruwa zai sauko a hanya, muka haɗa ido, ya mayar da ita aljihu ya ɗauko laima. Shi ya rungume kwandon a bayan babur, bai bari kowa ya taɓa ba, kuma tun jiya bai ce da ni bawansa ba.

Muna isa Shagari Gwaggo ta ce a kai ta wurin mai sassaƙa. Ya gan ta ya ce, "Inna, kajin sun ji ƙishirwa?"

"Kai dai miƙo min su ɗai-ɗai," in ji ta.

Ta fito da igiyarta. Duk wanda aka miƙo sai ta auna bakinsa, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina. Ta ajiye huɗu, ta riƙe na biyar. Ta ce a buɗe kwando, ta saka shi a hankali cikin tsohon, ya zauna daidai, bakin tsohon ya kewaye shi ta ko'ina. Sai a lokacin na gane abin da igiyar take nufi. Arzika ya sa hannu a aljihu, karo na farko a rayuwarsa bai nemi ragi ba.

A shingen da ke gaban Boɗinga wani jami'i ya leƙo ya nuna kwandon da ke cinyar Arzika, ya ce mene ne a ciki.

"Kakata ta," in ji Gwaggo daga kujerar gaba.

Jami'in ya dubi farin ƙyallen, ya dubi tsohuwar, ya ja da baya. Sai da na ɗaga ƙyallen ya gani sannan ya saki numfashi, ya ce mu gaida kaka. Dariyar da aka yi a motar har Arzika sai da ya ɗan taya. Muka shigo Sakkwato bayan la'asar, gida ya cika da 'yan aikin suna, ana ta daka.

Ranar suna

Da safe aka raɗa wa yaro sunan mahaifina. Da tuwo ya sauka na shimfiɗa busasshen ƙyalle a cikin tsohon akushi, na sa gammo don kada nauyi ya danne gindin, sannan aka ɗora sabon a kai da tuwonsa da miyarsa. Aka kai gaban Gwaggo, dangi suka kewaye. Ta lalubo ɗinkin tagullar da hannun hagu ta riƙe. Ta yi bisimilla, ta miƙa dama ta tsallake bakin tsohon, ta gutsuro loma ta ci. Hawaye suna bin kumatunta tana taunawa.

"Hannu dai ta bakinai yab bi," ta ce.

A al'ada ni ne na biyu, tunda gidana ne. Ina naɗe hannun riga sai ta ce ina Arzika. Yana can baya ya raɓe jikin bango. Ta sa aka jawo shi, ta kama hannunsa ta sa a cikin tuwon da kanta. Ta ce, "Ci. Da ka saida shi, da yau ko bakin ba mu da." Arzika ya ci, kansa a ƙasa. Loma uku ya yi kafin ya ɗago ya dube ni, na ga taubashina ya fara dawowa.

"Inna," in ji shi, "yanzu gidan wanga za shi zama ko? To, a nuna min madahwa mai hayaƙi. Ni dai tukunyar gas nig gani."

Aka fashe da dariya, har da uwargidana, wadda ya kamata ta tsaya a bayana. Gaskiya ya faɗa. A ƙarshe muka ɗaura ragaya a baranda, can sama inda iska ke ratsawa kuma feshin ruwa ba ya kaiwa, muka sa tsohon a ciki ba rufi. Gwaggo ta ɗora wa Arzika aiki, duk ƙarshen damina ya zo Sakkwato ya hau kujera ya shinshina shi. Na ce zan tanadar masa kujerar.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai masaukinmu na Shagari da matarsa, da 'yan kabu-kabun da suka tura babur cikin taɓo ba su yi ƙorafi ba, da masassaƙin da ya sha magana ya yi dariya.

Kafin Gwaggo ta koma Boɗinga sai da ta sa aka kawo mata man shanu. Ta zauna ta shafe sabon akushin ciki da waje da tafin hannunta, ba ta bari kowa ya taya ta ba. Itacen ya sha man, ya ɗan yi duhu kaɗan. Na raka ta bakin mota, ta shiga kujerar gaba ta baje mayafinta, sannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Haliru, wanga sabon sai ya daɗe kahin shi yi baƙi. Ni ba ni nan. Ku dai ku riƙa ci cikinai."

Na ce to, Gwaggo, na rufe mata ƙofar a hankali.